Ku duba mini waɗannan baitocin, amma ban da "Masha Allah" kawai

Ɗan Bukur:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Na kusa wata takwas ina karanta abin da kuke sakawa, ban taɓa saka nawa ba. Yau na yi ƙarfin hali. Baiti huɗu ne, na yi su a kan wani kududdufin kuza da ke bayan unguwarmu. Roƙona ɗaya: duk wanda ya ga aibi ya faɗa mini kai tsaye. Na gaji da tura wa abokai suna ce mini "ka iya" alhali ni kaina ina jin wani wuri yana ɗingishi.

Ina nan a bakin ruwa na tsaya,
Da sanyin Disamba cikin safiya.

A nan ne maza sun ka tona ƙasa,
Da shebur da kwano suna shan wuya.

Ruwan ya yi kore yana nan shiru,
Kamar babu laifin da yai ko ɗaya.

Haƙiƙa rayuwa tana da wahala ƙwarai,
Kowa ya yi haƙuri da halin duniya.

Ɗan Jos a Abuja:
Masha Allah! Ka tuna mini da gida. Allah ya ƙara basira.

'Yar Rikkos:
Yaya, ai abin da ya roƙa kada a yi ke nan ka fara da shi.

Ɗan Jos a Abuja:
Ƙanwata ki yi mini uzuri, zuciya ce ta riga baki. Shekara shida ina Kubwa cikin zafi, da na ga "sanyin Disamba" sai na ji kamar ina tsaye a Farin Gada da asuba ana sauke kwandunan tumatir da kabeji, hayaƙi na fita daga bakin kowa. Zan dawo da gyara idan na natsu.

Dattijon Gangare:
Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta, sannan na rufe ido na rera su da baki, domin waƙa ba a auna ta da ido.

Baitoci uku na farko suna tafiya a kan karin Mutaƙarib, ko ka sani ko ba ka sani ba. Shi wannan kari ƙafarsa gaɓa ɗaya ce mai sauƙi sai masu nauyi biyu, fa'ulun, a maimaita, ta ƙarshe a gutsure mata gaɓa ɗaya. Ka saurari ɗangonka na farko: i-NA-NAN, a-BA-KIN, ru-WA-NA, tsa-YA. Ko na huɗu: da-SHE-BUR, da-KWA-NO, su-NA-SHAN, wu-YA. Wannan ɗango na shebur da kwano ko a gaban wa za ka iya karanta shi ba ka sunkuyar da kai ba.

To sai baiti na huɗu. Ka fara da ha-ƘI-ƘA, daidai. Abin da ya kamata ya biyo baya gaɓa ce mai sauƙi, sai ka kawo "ra" ta rayuwa, wadda ake ja. Daga nan keken ya goce, ɗangon kuma ya yi tsawo har numfashi ya ƙare kafin a kai "ƙwarai". Na ƙarshen ma ka buɗe shi da "ko" ta kowa, mai nauyi ce, alhali duk sauran ɗangayenka da gaɓa mai sauƙi suka fara. Ɗingishin da kake ji ke nan. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba.

Amsa-amonka na "ya" ya zauna daram, ban da abin cewa a kansa.

Ɗan Bukur:
Baba na gode ƙwarai. Wallahi ban san sunan karin ba. Ina dai buga yatsa a kan cinya ina rerawa, inda ya ƙi shiga sai in sauya kalma. A baitin ƙarshe ban buga ba, rubutawa kawai na yi.

Ɗalibin Naraguta:
Baba, da girmamawa, ina da ja. Me ya sa kullum idan matashi ya kawo waƙa sai a ɗauko ma'aunin Larabawa a ɗora masa? Halilu ɗan Ahmadu a Basra ya tsara aruli, wato ilimin awon waƙa, tun ƙarni na 8, domin waƙar Larabci ya yi shi. Mu Hausawa ne a Jos. Matasa da yawa yanzu suna rubuta waƙa ba kari ba amsa-amo, kuma tana taɓa zuciya. Idan muka ci gaba da cewa nan ta karye, can ta goce, za mu kori yara daga rubutu baki ɗaya. Ni a gani na baitin ƙarshe shi ne saƙon, a bar masa abinsa.

Dattijon Gangare:
Ɗana, ja da hujja ba rashin kunya ba ne, ka ci gaba da yi. Amma duba, ba ni na ɗora masa kari ba. Shi ya zaɓa da kansa, ya bi shi ɗango shida cur, sannan ya sake shi a na bakwai. Wanda ya fito da waƙa marar kari tun daga farko, ba zan tambaye shi fa'ulun ba, wani abin zan nema a wurinsa. Amma idan ka sa mai sauraro ya fara gyaɗa kai, ka ɗauki alkawari ke nan.

Batun cewa kari na Larabawa ne, sunayen dai nasu ne. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya rasu a 1990, kuma waƙarsa Infiraji da ake rerawa har gobe a kan karin kiɗan caji ya ɗora ta, ba daga littafin aruli ba. Mata masu daka suna da kari, masu dambe suna da kari, yarinyar da ke gaɗa a dandali ba ta karya shi. Dalilin da ya sa karuruwan Larabci suka zauna wa Hausa kamar an auna shi ne harsunan biyu duka suna bambanta gaɓa mai nauyi da mai sauƙi. Wannan yaron bai taɓa jin sunan Mutaƙarib ba, ga shi ya hau shi da yatsa a cinya. Wace hujja ta fi wannan?

Ɗalibin Naraguta:
Na karɓi rabin maganar, Baba. Na yarda wanda ya fara da kari ya ƙarasa da shi. Ban yarda cewa marar kari ba waƙa ba ce.

Dattijon Gangare:
Ai ban ce ba waƙa ba ce. Ka kawo taka ranar Juma'a mu gani.

Malama ta Unguwar Rogo:
Ku bar ni in shigo ta wata ƙofa, don ni ba karin ne ya tsaya mini a rai ba.

Ƙanena, a baiti na biyu ka ce "sun ka tona". Kai ɗan Bukur ne, a gidanku "suka tona" ake cewa. Na san dalili, "suka" gaɓoɓi biyu ne masu sauƙi, ba za su cika maka ƙafar ba, sai ka ranto Sakkwatanci. Marubuta waƙa sun daɗe suna yin haka, har waɗanda ba su taɓa taka Sakkwato ba, saboda rubutacciyar waƙar Hausa a hannun masu jihadi ta yi ƙarfi, harshensu ya bi ta. Ba laifi ba ne. Ina dai so ka san aro ka yi, kada ya zame maka sanda duk inda ka gaji ka dogara.

Babbar maganata a baiti na uku take. Ka ce ruwan yana nan shiru kamar babu laifin da ya yi ko ɗaya. Da na zo nan sai da tsigar jikina ta tashi, na gyara zama ina jiran ka gaya mini laifin. Sai ka juya mini baya ka ce rayuwa tana da wahala, kowa ya yi haƙuri. Wannan maganar gaskiya ce, amma ko a bayan tirela an rubuta ta. Kowa zai iya faɗinta ba tare da ya taɓa zuwa Bukur ba. Shebur da kwano naka ne, koren ruwan naka ne, baitin ƙarshe kuwa na kowa ne.

Shi ya sa nake ganin ba banza karin ya karye a nan ba. Inda ka daina faɗin abin da ka gani, nan ƙafar ta gurɗe. Ba na so in yi maka shisshigi, amma zan tambaya: wane laifi ruwan nan ya yi?

'Yar Rikkos:
Anti kin faɗi abin da nake ji na kasa furtawa.

Ɗan Jos a Abuja:
Na dawo da gyaran da na yi alkawari, ƙarami ne. Ɗangon "Da sanyin Disamba cikin safiya" shi ya fi burge ni da farko, amma da na sake karantawa sai na ga "cikin safiya" cike gurbi ne don a sami "ya". Mu dai "da safe" ko "da sassafe" muke cewa. Ban san yadda za a gyara ba tare da an rusa amsa-amon ba, na dai ajiye a nan.

Dattijon Gangare:
Ka ga daidai. Irin wannan larurar waƙa ce, ana yafe ta, amma gara marubuci ya san an gani.

Mai kula da zaure:
Jama'a, tun azahar mai waƙar bai sake magana ba. Ina fata ba mu yi masa yawa ba. A tuna wannan ce fitowarsa ta farko.

Malama ta Unguwar Rogo:
Idan tambayata ce ta yi nauyi, ƙanena ka yafe mini. Na san zafin abin. Ina aji huɗu a sakandare na rubuta waƙa a kan rasuwar kakata, na kai wa wani malaminmu da hannu biyu. Ya tsayar da ni a gaban aji, ya karanta ta da muryar wasa, yana jan duk inda ta karye har 'yan aji suna riƙe ciki. Bai ce mini ga yadda za ki gyara ba. Na ninke takardar na sa a cikin safa, na yi shekara goma sha ɗaya ban sake haɗa ɗango biyu ba. Wadda ta dawo da ni wata tsohuwa ce mai koyar da mata a islamiyyar unguwarmu. Ita ba ta taɓa ce mini waƙata ta yi kyau ba. Sai ta ce, "Sake rera mini wannan wurin." In rera, ta ce, "Sake." Har sai na ji da kunnena inda nake tuntuɓe. Tun daga nan na gane cewa mai gyara na gaskiya zama yake yi kusa da kai, ku duba abin tare. Abin da na so in yi maka ke nan, in kuma hannuna ya yi nauyi, ka faɗa.

Ɗan Bukur:
Anti ba ki yi mini laifi ba. Na ajiye wayar ne na fita, sai yanzu bayan isha'i na iya dawowa.

Ruwan nan ya ci ƙanena. Shekararsa goma sha ɗaya. Ranar wata Asabar da hantsi suka tafi iyo da yaran unguwa, kamar yadda mu ma muka yi muna yara duk da dukan da ake mana a kai. Wanda bai san waɗannan kududdufai ba zai ɗauka tafki ne. Ba tafki ba ne, rami ne da aka haƙa aka tafi aka bari, ruwan sama da na ƙasa suka cika shi. Bakinsa ba ya gangarowa a hankali, taku biyu uku sai ka ji babu ƙasa, ga laka a ƙasan mai riƙe ƙafa, ga sanyin ruwan da ke ɗaure jijiya. Sai washegari masu ninƙaya suka fito da shi. Ni na ɗauko rigarsa da silifas ɗinsa a kan wani dutse, ya ninke rigar da kyau ya ɗora silifas a kai don kada iska ta ɗauke.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne kakanmu yana cikin waɗanda suka yi aikin kuza a wannan wajen. Daga ƙasar Katagum aka kawo shi yana saurayi, bai koma ba. Ƙura ta cinye masa ƙirji, da tari ya rasu. Na rubuta baitin da ya faɗi wannan sau uku ina gogewa, daga ƙarshe na rufe wurin da maganar haƙuri, don ita ce abin da kowa ya gaya mana a zaman makoki.

Dattijon Gangare:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne, ya ba mahaifiyarku dangana. Ya jiƙan kakanku.

Ɗana, zamanin da aka kawo kakanka mun ji labarinsa a bakin iyayenmu a nan Gangare, don unguwar nan ma leburorin kuza ne suka cika ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa wani babban wurin da take samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa a kan dole, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafi aka kawo su tudun da ya haura mita 1,200, ba bargo ba abinci isasshe, da yawa sanyi da ciwon ƙirji suka kashe su. Tun 1914 jirgin ƙasa ya fara zuwa daga Zariya yana kwasar kuzan da ake tonowa. Da farashi ya faɗi a 1985 sai harkar ta durƙushe, aka bar mana ramuka daga Rayfield zuwa Bukur har Barikin Ladi. Ba don in yi maka darasi na kawo wannan ba. So nake ka san cewa abin da ka goge sau uku ba naku ne ku kaɗai ba, gidaje da yawa a garin nan suna da irinsa, kuma ban cika jin an sa shi a waƙa ba.

Ɗalibin Naraguta:
Allah ya jiƙansa. Ɗan uwa, na janye maganata cewa baitin ƙarshe shi ne saƙon. Ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

'Yar Rikkos:
Allah ya gafarta masa. Yaya, ba dole ne ka saka shi a waƙar ba idan zuciyarka ba ta shirya ba. Waƙa za ta jira.

Malama ta Unguwar Rogo:
Gaskiyarta. Kuma maganar haƙuri ba ƙarya ba ce, ita ta riƙe ku har yau. Wurinta ne kawai ba nan ba. Idan ka nuna mana rigar nan a kan dutse, mu da kanmu za mu ce Allah ya ba da haƙuri, ba sai ka ce mana ba.

Ɗan Bukur:
Na kwana a kansa. Na cire baiti na huɗu, na sa waɗannan biyun a madadinsa. Na buga yatsa wannan karon.

Da hantsi ƙanena ya je yin iyo,
A ramin da kaka ya tona jiya.

Ƙasa ta ci kaka, ruwa ya ci ɗa,
Ina nan a bakin ruwa na tsaya.

Rigar ta ƙi shiga. Na gwada ta ta kowace fuska, "riga" da gaɓa mai nauyi take farawa, in na sa ta a tsakiya kuma sai ɗangon ya zama labari. Na bar ta tukuna.

Ɗan Jos a Abuja:
Ina ofis na karanta, sai da na tashi na shiga bayi na wanke fuska. Ba ni da gyara.

Ɗalibin Naraguta:
Ni ina da tambaya ɗaya. Tunda kaka aka ambata, ba "jika" ya kamata ba maimakon "ɗa"? Ruwa ya ci jika. Ma'anar ta fi daidaita.

Dattijon Gangare:
Ta fuskar nasaba ka yi gaskiya. Amma rera ka ji: ru-WA-YA, ci-JI-KA. Ka ƙara gaɓa ɗaya, ƙafar ƙarshe ta cika, alhali duk sauran ɗangayen a gutsure suke ƙarewa. Kuma "ɗa" tana faɗuwa kamar dutse a ruwa, gaɓa ɗaya, shi ke nan. Yaron ɗan wani ne kafin ya zama jikan wani. Ni zan bar ta.

Abin da nake so a lura da shi "jiya" ce. Shekara tamanin ke nan da ɗiban gwamna, ya ce jiya, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Sannan ya koma kan ɗangon da ya buɗe da shi, amma yanzu mun san dalilin tsayuwar. Wannan ba ni na koya masa ba.

Saura abu ɗaya. Rubutun boko ba ya nuna inda ake jan wasali: gari na zama da gari na tuwo duk ɗaya ake rubuta su, haka dafa abinci da dafa kafaɗa. Ajami ya fi shi a nan, don yana sa alif ko wawu ko ya a inda aka ja. Mu kuma a Jos bakinmu ya cakuɗa da harsuna da yawa, wani yana ja inda Bakano ba ya ja. Saboda haka daga yau duk mai kawo waƙa ya haɗo da muryarsa yana rerawa. Mutanen ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin a Kano a da haɗuwa suke yi ana karantawa a gaban juna, kunne na gyara wa kunne. Mu da waya ta raba mu da zama wuri ɗaya, kada mu yar da wannan.

Mai kula da zaure:
An karɓa, Baba. Daga wannan makon waƙa da murya tare.

'Yar Rikkos:
Yaya, in ka ba ni izini ina so in yi wa baitocin nan tahamisi, in ɗora ɗango uku a kan kowane biyu naka. A unguwar kakannina ma an rasa yara biyu a irin wannan ruwan. Wataƙila rigar ta sami wuri a cikin nawa ɗangayen, in ka yarda in taɓa ta. In ba ka yarda ba, wallahi ba komai.

Ɗan Bukur:
Na yarda ƙanwata. Shuɗiya ce, ta makaranta, aljihun ya ɗan yage ta gefe. Ki turo mini in gani kafin ki saka.

Baba, zan yi ƙoƙarin muryar. Na gwada sau biyu da safen nan, ina kaiwa "ƙanena" sai ta sarƙe.

Dattijon Gangare:
Ba gaggawa. Ranar da ta fita ka turo.

Malama ta Unguwar Rogo:
Ƙanena, Inna ta ji waƙar?

Ɗan Bukur:
A'a Anti. Ba ta ma san ina zuwa bakin ruwan ba.